Da Ɗan Gari Akan Kama Ɗaki

Duk wanda ya taɓa zama a Samaru ta Zariya ya san makon da kuɗin ɗaki yake tashi. Ba ruwansa da damina ko rani, ba ya kuma jiran a karanta kasafin kuɗi a Abuja. Kalandar Jami'ar Ahmadu Bello yake bi. Da zarar an ce ɗalibai su koma, ko an fito da sunayen sababbin ɗauka, sai ka ga bas-bas daga Kwangila suna juye mutane a bakin Titin Sakkwato, kowa da katifarsa a nannaɗe da bokiti da risho, uwa na rungume da jakar kuɗi, uba na duba agogo don yana son komawa gida kafin dare. Dillalai kuwa tun da hantsi sun zauna a kan bencinsu. Ba sa kiran kowa. Sun san wanda la'asar ta yi masa bai san inda zai sa haƙarƙarinsa ba da ƙafarsa zai zo, kuma ba zai tsaya ciniki ba.

Mutumin Abuja ko Legas zai yi dariya in ya ji an kira Zariya gari mai tsada. Yana da gaskiyarsa, amma tsada da aljihu ake auna ta. Ni daga wani ƙaramin gari na kudancin Katsina na fito, inda a lokacin ban taɓa jin an biya kuɗi don a kwana ba. Saurayi in ya tasa akan ba shi shago a ƙofar gida. Malamin makaranta in an turo shi, mai gari ne ke nema masa wuri, abin da zai kashe bai wuce na goro ba. Wanda ya tashi a haka, ranar da aka ce masa ya kawo kuɗin shekara guda cur kafin a miƙa masa makulli, to ya shigo babban birni ke nan, ko da birnin ba shi da bene mai hawa goma.

Ɓangaren Zariya da ke wajen ganuwa tun asalinsa garin baƙi ne, haya kuma ita ce tsohuwar sana'arsa. A cikin ganuwa gida gadonsa ake yi, ba kama shi ake yi ba. Da layin dogo ya iso wajen 1911, Turawa suka yanka filaye a ƙetaren kogin Kubanni suka zaunar da ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwar da suka biyo su daga Kudu, shi ne Sabon Gari. Tudun Wada kuma aka bar wa 'yan Arewa waɗanda ba Zage-zagi ba. Nan da nan Zariya ta zama mahaɗar jiragen ƙasa: ga na Kano, ga ƙaramin layin da ya nufi Jos wanda aka rufe a 1957, ga wanda ya bi ta Gusau ya tuƙe a Kauran Namoda. Kamfanonin sayen auduga da gyaɗa suka kafa kantuna, har ɗaya daga cikinsu, PZ, ya bar wa unguwa sunansa. In ka shiga Lagos Street ko Benin Street ka dubi tsofaffin gidajen nan masu dogon lungu a tsakiya, ɗakuna layi biyu suna kallon juna, madafa da bayi can ƙarshe, ka san ba don iyali guda aka tsara su ba. Tun daga harsashi mai ginin ya ƙirga mutum nawa za su riƙa kawo masa kuɗi.

Samaru ta biyo baya. A 1922 aka buɗe gonar binciken aikin noma, leburorinta suka kafa bukkoki a gefenta, ƙauyuka irin su Bomo suna kallo. A watan Oktoba na 1962 jami'a ta fara aiki da ɗalibai 426, adadin da yau wani aji guda kan zarce shi. Sai kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Palladan a 1964, sai cibiyar binciken fata, sai barikin soja da cibiyar nazarin sufuri a wajen Basawa, daga baya asibitin koyarwa ya tare a Shika. Kowacce ta jawo dubban mutane, kowacce ta gina wa manyanta kwatas, ta bar masinja da direba da ƙaramin akawu da mai shara su nemi inda za su raɓe a cikin gari. Ɗakunan kwanan ɗalibai, su Suleiman da Akenzua da Ɗanfodiyo da Amina da Ribadu, an gina su ne lokacin da ake iya sanin fuskar kowa. Yau ɗaliban dubun dubata ne, gadajen kuwa ba su ƙaru yadda mutane suka ƙaru ba. Rarar ita ke tsallaka titi ta watsu a Ɗanraka da Hayin Dogo da Zango da Palladan da Hanwa.

A farkon shekarun 2000 na zo, da takardar ɗaukar ƙaramin aiki a ɗaya daga cikin waɗannan cibiyoyi. Wayar hannu ba ta daɗe da shigowa ba, layinta kaɗai ya fi albashina na wata, saboda haka da wasiƙa na taho. Kawuna ne ya rubuta ta zuwa ga wani abokinsa a Hayin Dogo, dattijo wanda ya ƙare aiki a gonar bincike. Ya karanta, ya ninke, ya dube ni.

"Ajiye jakarka a soro. Nawa ka zo da su na ɗakin?"

Na faɗa masa.

"Kawo su nan in riƙe. Ba za ka kama ɗaki a watan nan ba."

"Baba, ai ba na so in takura muku."

"Takura ta me? Tabarma ce da buta. Yanzu 'yan makaranta ke dawowa, ko akurkin kaza ka taya za a ce maka wani ya riga ka. Bari ƙura ta lafa tukuna."

A lokacin karamci kawai na ɗauke shi. Sai da na daɗe a garin na fahimci cewa abin da ya yi mini tsohon tsari ne da Hausawa suka yi suna da shi a duk inda fatauci ya kai su. A Sabo ta Ibadan, a zangon Kumasi, mai kawo shanu ko mai sarin goro ba ya sauka a kasuwa. Gidan mai gida yake sauka, a ba shi wurin kwana da abinci, a ajiye masa kuɗinsa, a haɗa shi da dillalin da aka sani, in mai saye ya ci bashi mai gida ne ke tsayawa. Babban amfanin masaukin shi ne yana cire wa baƙo gaggawa. Mutumin da ke da inda zai kwana yau da gobe yana iya cewa "bari in yi shawara" ya juya baya, wannan juyawar kuwa ita ce kaɗai makamin mai neman haya. Wanda ba shi da ita, duk abin da aka yanka masa shi zai biya.

Da ɗalibai suka gama zama, bencin dillalai ya yi sanyi, sai Baba ya aika aka kira masa wani daga cikinsu, wanda ya san mahaifinsa. Muka shiga zagaye da yamma bayan na tashi daga aiki. Ni fenti nake kallo da faɗin taga. Shi kuwa ko ɗakin ba ya fara shiga. Rijiya yake nufa, ya ɗauki guga ya warware igiyar yana bin ta da hannu. In ya tarar da ƙulli biyu ko uku inda aka yi ta ƙara tsawo, sai ya ce mu tafi. Igiyar ta riga ta gaya masa inda ruwan ke sauka a watan Maris da Afrilu. Ƙasar Zariya kan dutse take zaune, irin wanda ya ɓullo fili a Kufena, don haka rijiyoyin ba su da zurfin kirki. Da damina ka ɗebi ruwa da hannu, da bazara ka kankare laka. Cikin jami'a akwai madatsarsu a kan Kubanni, famfo kan kawo. Wajen katanga kuwa shekara da shekaru ana jin labarin aikin ruwan Zariya, da madatsar Galma da matatar Shika, amma wanda ya fi kowa cika alkawari shi ne ɗan garuwa da kurarsa ta jarkoki. Gidan da ka ga jarkoki jere a ƙofar kowane ɗaki, ka san akwai wani kuɗin haya na biyu da ba a rubuta a rasit ba, kuma kullum ake biyansa.

Daga rijiya sai ya duƙa ya dubi gindin bango. Gansakuka ko farin gishiri a jikin siminti shaida ce cewa da damina ruwa na tsattsafowa ta ƙasa. Ya ɗaga kai ya dubi silin ko akwai tabon yoyo. Ya leƙa kwata ya ga ina ta nufa, don a wasu layukan Samaru gidan da ke gangare shi ke karɓar ƙazantar na sama da shi duk watan Agusta. Daga nan ya bar dillali a tsaye ya je ya yi sallama da matan gidan, ya gaishe su da aiki, ya tambayi lafiyar yara, sannan cikin hira ya jefa tambayarsa: wanda ya tashi daga ɗakin nan me ya tashe shi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ba ka same shi ba maƙwabcinsa ma ya isa. A wani gida wata dattijuwa ta amsa masa da cewa, "Malam, mutum uku ke nan a bana." Ba ta ƙara ba, shi ma bai nemi ƙari ba.

Sai maganar wuta, wadda ita ce uwar rigima a gidan haya. Mita ɗaya ce ga gida duka, bil in ya zo a raba shi bisa ƙirgen kayan kowa: ƙwan fitila nawa, akwai fanka, akwai dutsen guga, akwai firji. Mai rishon lantarki yakan ɓoye shi ƙarƙashin gado ranar ƙirge, kowa kuma ya sani. Abin da Baba ya nace a kai shi ne a nuna masa bil na ƙarshe, domin sau da yawa bashin waɗanda suka tashi tun bara yana nan a kan mitar, sabon shiga ne zai gaje shi ranar da masu tsani suka zo yanke waya. Sunan hukumar ya canza daga NEPA zuwa PHCN, daga baya aka sayar wa 'yan kasuwa, mita mai kati ta shigo wasu gidaje, amma har gobe in an ɗauke wuta NEPA ake zagi, kuma har gobe ana faɗa a kan wa ya fi shan wuta.

Akwai ɗakin da ya kwanta mini a rai a Sabon Gari, wajen Muciya. Ciki da falo ne, kuɗinsa bai kai na ɗaki guda a kusa da babbar ƙofar jami'a ba, ga kasuwa kusa, ga tasha. Sabon Gari tana da wannan daɗin: komai na sayarwa ya fi sauƙi, garin kuma ba ya mutuwa in ɗalibai sun tafi hutu. Baba bai ce kada in kama ba. Cewa ya yi in ɗauko biro in rubuta kuɗin bas zuwa Samaru da dawowa, in ninka da ranakun aiki na shekara, in ƙara na acaɓa ranar da na makara, in ɗora a kan kuɗin hayar. Da na gama lissafin sai arahar ta gudu. A lokacin ma man fetur yana da sauƙi. Wanda zai yi wannan lissafi yau, bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma zarce 1,000 a shekarar da ta biyo, zai ga cewa nisa ya fi siminti tsada. Shi ya sa ɗakin da ake iya takawa da ƙafa zuwa cikin makaranta ya zama zinariya, ko da ba ya da taga.

Wanda aka tsayar a ƙarshe ɗaki ne guda a wani layi bayan kasuwar Samaru. Amma ganin ɗaki daban, samunsa daban. Sai da aka kai ni gaban mai gidan, wani Alhaji mai sayar da hatsi, ya yi mini tambayoyin da ko a wurin ɗaukar aiki ba a yi mini ba. Wane gari? Ɗan gidan wa? Ina kake aiki? Ƙarfe nawa kake dawowa? Sannan wadda ake jira:

"Kana da iyali?"

"A'a, Alhaji, tukuna dai."

Ya yi shiru yana jan carbi. Gida ne na matan aure, gwauro kuwa a irin wannan gida abin tuhuma ne tun kafin ya yi laifi. Baba ne ya katse shirun.

"Alhaji, ɗana ne. A sorona yake kwana, na ga sallarsa, na ga shigarsa da fitarsa. In ya yi ba daidai ba, ni za ka nema, ba shi ba."

Wannan magana ita ta buɗe ƙofar, ba kuɗina ba. Na sha tunanin waɗanda ba su da mai faɗa musu ita. Mace da ta zo ita kaɗai, malamar asibiti ce ko mai karatun digiri na biyu, takan sha tambayar da ta fi tawa ɗaci, wani lokaci sai ta ari wani ya tsaya a matsayin yayanta kafin a saurare ta. Akwai kuma tambayar da ba a cika yi a fili ba, ta addini da ƙabila. Rikicin 1987 da na bayan zaɓen 2011 sun bar tabo a garin. Mutane suka fara duba ba ɗaki kaɗai ba, har da su wa ke kewaye da shi in dare ya ɓaci. Unguwannin da a da kowa da kowa ne suka soma rarrabuwa a hankali. Dillali ya san wannan taswira sarai ko da ba a zana ta a takarda ba, yakan kuma sa mata farashi.

Ranar biya Baba ya fito da kuɗina yadda na ba shi, a cikin ledar da na kawo su. Na shekara guda ne gaba ɗaya, da la'adar dillali kashi goma cikin ɗari. Alhaji ya ce ai tsakaninsu da Baba ba sai an rubuta komai ba. Baba ya ce saboda tsakaninsu ɗin ne ma za a rubuta, don rai da mutuwa. Aka yago takarda daga littafin ɗan makaranta, aka sa ranar shiga da ranar ƙarewa, da adadin kuɗi, da cewa gyaran rufi da yashe shadda na mai gida ne, ƙwan fitila da makulli nawa ne. Liman na masallacin layin ya sa hannu a matsayin shaida. Wannan 'yar takarda ta yi mini rana bayan rasuwar Alhaji, da magada suka zo kowa da nasa lissafin.

Zaman gidan kansa wata makaranta ce. Bayi ɗaya, layin bokiti tun asuba, jadawalin shara manne a bango wanda kowa ke karantawa yadda ya ga dama. Maƙwabcina na dama tela ne Bayarabe da aka haifa a Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa karin Zazzaganci. Na hagu wani ɗan Binuwai ne mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje, matarsa ce ta fara aiko mini da abinci ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, kafin kowa nawa ya ji labari. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, an saɓa ɗin kuwa, a kan igiyar shanya da kuɗin wuta da rediyon da ba a kashewa. Amma a nan na koyi garin.

A shekarun da na yi a layin na ga abin da kan sami waɗanda suka sauka kai tsaye a bencin dillali. Wani mai hidimar ƙasa ya biya da rana, ya dawo da katifarsa da magariba ya tarar da wani a ciki, shi ma da rasit ɗinsa, dillalin kuwa ya yi ɓatan dabo. Wasu 'yan mata ɗalibai sun kama ɗaki mai sabon fenti a watan Janairu, ruwan farko na Mayu ya shigo musu ta ƙarƙashin ƙofa har ya jiƙa littattafai. Ba wauta ce ta kai su ba, wasunsu sun fi ni ilimi nesa ba kusa ba. Abin da suka rasa shi ne soron da za su kwana mako biyu da mutumin da zai warware musu igiyar guga.

Yau abin ya sake kama. Dillali ya bar benci ya koma cikin waya. Yana ɗora bidiyon ɗaki a WhatsApp da Facebook, an ɗauka daga kusurwar da ba a ganin kwata, yaro yana Gombe ko Ilori ya tura kuɗi don kada a riga shi. An ƙirƙiro kuɗin ganin ɗaki, wanda za ka biya ko ka kama ko ba ka kama ba, ga kuɗin yarjejeniya, ga na ajiya saboda ɓarna wanda ba kasafai yake dawowa ba. Ɗaki mai banɗaki da madafa a ciki ya zama abin yayi, masu gidaje suna ta farfasa tsofaffin ɗakuna suna mayar da su haka, suna ninka kuɗin. Mai iyali da ƙaramin albashi ba ya iya gogayya da ɗalibai huɗu da suka haɗa kuɗi, sai ya ja baya zuwa Bomo ko Basawa ko can bayan Hayin Dogo inda gonaki suke a da. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019 zuwa 70,000 a 2024, amma duk lokacin da aka sanar da ƙari, mai gida kan riga ma'aikaci jin labari.

Yajin aikin malaman jami'a ya tona wani ɓangaren na wannan ciniki. A 2020 makaranta ta kusan shekara a rufe, ga annoba ga yaji. A 2022 aka sake rufe ta daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗalibai suna gida, ɗakuna a kulle, beraye na cin katifa, kuɗin haya kuwa yana ta tafiya. Da aka dawo, masu gida suka ce shekara ta cika a sabunta. Iyaye suka yi ta Allah ya isa. Sai dai a nan ina ganin zomo ne ke fushi da maratayinsa ya bar makashinsa. Da yawa daga masu gidajen Samaru ba attajirai ba ne. Tsofaffin masinjoji ne da direbobi da masu gadi waɗanda suka zuba kuɗin sallamarsu a bulo, ɗakunan nan su ne fanshon da ba ya makara. A watannin yajin su ma sun ji jiki, tare da mai shayi da mai wanki da mai kwafin takardu. Buhun siminti da ya haura naira 10,000 a farkon 2024 ba ya tambayar ko makaranta a buɗe take. Wanda ya ɗebo dubban mutane ya ajiye a wuri guda ba tare da ya tanadi inda za su kwana ba, ya kuma rufe wurin wata takwas in ya ga dama, shi ya fi cancanta a tuhuma, ba tsohon da ke jiran kuɗin ɗaki ya sayi magani ba.

Doka tana nan, sai dai ba ta cika shiga lungu ba. Jihar Legas tun 2011 ta haramta karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya, duk da haka ana karɓa, domin mai neman ɗaki ba ya kai ƙarar wanda yake roƙo. A yawancin jihohi ƙa'idar ita ce mai biyan shekara-shekara a ba shi notis na wata shida kafin a tashe shi, mai biyan wata-wata a ba shi wata guda, in dai ba a rubuta wani abu daban a yarjejeniya ba, kuma kotu ce ke fitar da mutum, ba cire masa ƙofa ko kwance rufi ba. Kaɗan ne daga 'yan hayar Samaru suka san haka, waɗanda suka sani ma sukan gwammace su tattara kayansu da su yi shari'a da mutumin da suke haɗuwa da shi a sahun sallar asuba.

Masaukin da ya cece ni kuwa yana ƙarewa. Soraye da yawa an toshe ƙofarsu ta ciki an mayar da su shagon POS ko na cajin waya, don su ma yanzu kuɗi suke kawowa, ba zan kuma ga laifin mai yin haka ba. Dattawan da suka san kowane gida da tarihin rijiyarsa suna ta tafiya. Abin da ya rage na tsarin yana hannun ƙungiyoyin ɗalibai na jihohi da na garuruwa, da masallatai da majami'u, waɗanda kan raɓa sabon zuwa a ɗakin wani na 'yan kwanaki, ba tare da wani ya ɗora musu ba. Su ne ya kamata a ƙarfafa. Hukumomin manyan makarantun nan, in gina sababbin ɗakunan kwana ya fi ƙarfinsu, ba zai gagare su buɗe rajistar gidajen haya na kewaye ba: wane gida ke da ruwa, wane ne mitarsa ke da bashi, wane dillali aka taɓa kamawa ya ba mutum biyu ɗaki ɗaya, a kuma ware wani zaure inda sabon ɗalibi ko sabon ma'aikaci zai yi mako biyu kafin ya biya kowa ko sisi. Masu unguwanni sun riga sun san amsoshin, ɗaliban da suka shekara a layukan ma sun sani. Ma'aikaci ɗaya da littafi ɗaya sun isa a fara, in an so a fara kafin ɗauka ta gaba.